Fage da Rangadi: Nazarin Kurket na Kwana Biyar Tsakanin Indiya da Pakistan

Suka iri biyu ake yawan yi wa wasan kurket na kwana biyar, wanda ake kira Tes, a duk inda zancensa ya taso tsakanin masu sha'awar wasanni a ƙasar Hausa, daga gidajen kallon ƙwallo na Kano har zuwa na Birnin Kudu da Gwaram. Ta farko ita ce wasa ne na Turawan mulkin mallaka wanda ya kamata a ce ya bi su tun ranar da suka tattara nasu ya nasu, ta biyu kuma, wadda ta fi kama hankali, ita ce babu dalilin da zai sa mutum ashirin da biyu su shafe kwana biyar a rana sannan a tashi ba wanda ya ci. Masu wannan ra'ayi sukan ƙara da cewa in ma dole sai an yi kurket, ga gajeren nau'insa na T20 nan da ake gamawa cikin kamar awa uku, a san gwani a watse. Wannan nazari ya tsaya a kan cewa duka biyun sun samo asali ne daga rashin lura da ainihin abin da ake gwadawa a Tes, wato iya karanta ƙasar da ake wasa a kanta yayin da take sauyawa daga rana zuwa rana, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a karawar Indiya da Pakistan.

Tarihin ba ya buƙatar dogon bayani. An buga Tes na farko a Melbon a watan Maris na 1877, inda Ostareliya ta doke Ingila da maki 45, kuma bayan da ta sake doke ta a Landan a 1882 ne aka haifi gasar Ashes, wadda ta zama abin koyi ga duk wani rangadi da ƙasa ke kai wa abokiyar hamayyarta. A Afirka ta Yamma an fara karawa tsakanin Legas da Gold Coast, wato Gana ta yau, a 1904. A Arewa kuwa wasan ya shigo ta makarantun kwana, musamman Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka taso suna buga kurket da fayif. Zancen cewa wasan na 'yan mulkin mallaka ne ba ya tsayawa da ƙafarsa, domin ƙwallon ƙafa ma ta wannan ƙofa ta shigo kuma ba a ji wanda ya ce a mayar musu da ita ba, sannan a yau cibiyar kurket ta duniya, ta fuskar 'yan kallo da kuɗi, tana Indiya ne, ƙasar da Ingila ta mulka har zuwa 1947.

Tsarin wasan shi ne kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya, kuma kowanne yana da zubi biyu na bugu. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mita 20 da faɗin mita 3, wanda a nan za a kira shi fage, kuma a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku. Mai jifa yana sakin ƙwallon da miƙaƙƙen hannu ta yadda za ta doki fage ta taso kafin ta isa ga mai bugu, shi kuma yana kare turakunsa da faffaɗar sanda yana neman maki. Ana fitar da mai bugu idan ƙwallon ta doki turaku, ko aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ko ya tare ta da ƙafa a gaban turaku, kuma zubi yana ƙarewa idan an fitar da mutum goma. Jifa shida a jere shi ake kira oba, kuma ana sa ran a yi oba 90 a rana. Abin da ya raba Tes da sauran nau'o'in shi ne yawan maki kaɗai ba ya ba da nasara, domin ɓangaren da ke kan gaba da maki, idan bai iya ƙarar da zubin abokin karawarsa na ƙarshe ba kafin rana ta biyar ta faɗi, to sai dai a tashi canjaras, komai tazarar da ya ba shi.

Indiya da Pakistan sun fara karawa a Tes a 1952, shekara biyar bayan rabuwar da ta haifar da ƙasashen biyu cikin zubar da jini da hijirar miliyoyin mutane. Zuwa ƙarshen 2007, lokacin da suka yi jerin wasanninsu na ƙarshe, sun haɗu sau 59, inda Pakistan ta ci 12, Indiya ta ci 9, sauran 38 kuma aka tashi canjaras. Wannan ƙididdiga ita ce babban makamin masu suka, kuma a wani ɓangare suna da gaskiya, domin rangadin da Indiya ta kai Pakistan a 1954 zuwa 1955 da ramuwar da Pakistan ta kai a 1960 zuwa 1961 sun ƙunshi wasanni goma waɗanda babu ko ɗaya da aka samu mai nasara. Sai dai duk wanda ya bi diddigin waɗannan wasanni zai tarar tsoro ne ya jagorance su, saboda kyaftin ɗin da ya sha kashi a hannun maƙwabciya ya san abin da ke jiransa a gida, shi ya sa aka riƙa wasan kare kai, sau da yawa kuma a kan fagen da ba ya taimakon mai jifa da komai. Laifin na matacciyar ƙasa ne da raunin zuciyar shugabanni, kuma da zarar an samu fage mai rai, ƙasashen nan biyu sun fitar da wasannin da har yau ake nazarinsu.

Fagen Tes laka ce da aka jiƙa, aka danne da abin daddale ƙasa har ta yi tauri, wani lokaci da gajeriyar ciyawa a kanta, kuma doka ta hana a sake ba ta ruwa da zarar an fara wasa. Daga nan ne komai ya samo asali. A safiyar rana ta farko akwai sauran danshi, ƙwallon kuma sabuwa ce mai sheƙi da tudun ɗinki a tsakiyarta, saboda haka idan ɗinkin ya doki fage sai ta kauce dama ko hagu, wannan kuma lokaci ne na masu jifan gudu. A rana ta biyu da ta uku fagen ya bushe ya kwanta, ƙwallon tana tasowa daidai yadda ido ya auna, masu bugu kuma su tara maki. Daga rana ta huɗu sai laka ta fara tsagewa, samanta ya fara zama gari, ƙusoshin takalman masu jifa kuma sun riga sun kakkarce wasu wurare kusa da inda mai bugu na ɗaya gefen yake tsayawa. Wannan ne ya sa ƙuri'ar da ake jefawa da kwabo kafin a fara wasa take da nauyi, domin kyaftin ɗin da ya ci yakan zaɓi ya fara bugu don ya bar wa abokin hamayyarsa zubin ƙarshe a kan ƙasar da ta gaji.

A wannan mataki ne jifan murza yake karɓar ragama, kuma shi ne dabarar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Mai jifan murza ba ya dogara da ƙarfi, yana taku kaɗan ne ya saki ƙwallon a hankali bayan ya murza ta da yatsu ko da wuyan hannu, ta yadda za ta tafi tana juyawa. A kan fage mai santsi juyin ba ya tasiri sosai, amma idan ta sauka a inda ƙasa ta karce sai ɗinkin ya kama, ta karkata, wani lokaci ta yi tsalle har ƙirji, wani lokaci kuma ta bi ƙasa ta wuce ƙarƙashin sanda. Gwanintar mai jifa tana cikin abu uku: ya iya sauke ƙwallon a wuri ɗaya sau da dama ba tare da kuskure ba, ya iya sauya saurinta da tsayin da take yi a iska ba tare da mai bugu ya gane daga hannunsa ba, sannan ya san lokacin da zai saki wadda ba ta juyawa sam bayan ya saba wa mai bugu da masu juyawa. Fitar da mutum ta wannan hanya aiki ne da ake ginawa cikin oba biyar ko goma, domin jifan da ya fitar da shi sakamako ne na jifa talatin da suka gabace shi, kuma wanda ya kalli na ƙarshen kaɗai a guntun bidiyon waya bai ga komai ba.

Shi ma mai bugu yana da nasa ilimin. Hanya biyu gare shi: ko dai ya miƙa ƙafa gaba ya tarbi ƙwallon daidai inda ta sauka kafin ta samu damar karkata, ko ya ja da baya sosai ya jira ta gama juyawa sannan ya taɓa ta a makare. Halaka tana tsakanin biyun, wato ya tsaya bai yi gaba ba bai yi baya ba. Ban da haka dole ya sassauta riƙon sanda, domin abokan hamayya uku ko huɗu suna tsugune kewaye da shi tazarar taku kaɗan, kuma idan ƙwallon ta shafi gefen sandar da aka riƙe da ƙarfi za ta tashi ta faɗa hannunsu, alhali idan hannu ya yi laushi sai ta mutu a gabansa. Sanin wadda za a bari ta wuce ba tare da an taɓa ta ba ma rabin aikin ne.

Wasan Bangalo na watan Maris 1987 shi ne mafi kyawun misali na wannan fasaha daga ɓangarorin biyu. An riga an tashi canjaras a wasanni huɗun farko na rangadin da Pakistan ta kai Indiya, sai aka shirya fagen da ya fara ba da juyi tun rana ta farko. Pakistan, ƙarƙashin Imran Khan, ta fara bugu aka ƙarar da ita a maki 116 kacal, inda Maninder Singh shi kaɗai ya fitar da mutum bakwai. Indiya ta samu 145, Pakistan ta dawo ta haɗa 249, ya rage Indiya na neman 221. Masu jifan murza na Pakistan guda biyu, Iqbal Qasim da Tauseef Ahmed, sun fitar da mutum tara kowannensu a wasan, kuma an ruwaito cewa tsohon gwanin Indiya Bishan Bedi ne ya faɗa musu a ranar hutu cewa a irin wannan fage ba a matsa wa ƙwallo da murza, ana sauke ta ne a wurin da ya dace a bar ƙasa ta yi sauran aikin. A ɗaya gefen Sunil Gavaskar, wanda a wannan rangadi ya zama mutum na farko da ya kai maki 10,000 a Tes, ya tsaya fiye da awa biyar yana tarbar wasu yana barin wasu, har ya kai 96 kafin Qasim ya fitar da shi. An ƙarar da Indiya a 204, Pakistan ta ci da maki 16, wanda ya ba ta nasarar jerin wasanni ta farko a ƙasar Indiya. Wannan ne zubin Gavaskar na ƙarshe a Tes, kuma masana da yawa suna fifita waɗannan maki 96 a kan ɗaruruwan da ya tara a fage mai sauƙi.

Busasshiyar ƙasa ba masu murza kaɗai ta amfana ba. A filayen Pakistan masu kaushi ne Sarfraz Nawaz da Imran Khan, daga baya kuma Wasim Akram da Waqar Younis, suka ƙware a wata dabara ta tsohuwar ƙwallo, inda ake goge gefe ɗaya ya ci gaba da sheƙi a bar ɗayan ƙasa ta cinye shi, ta yadda idan aka jefa ta da gudu sai ta lanƙwasa a iska zuwa gefen mai sheƙi, akasin yadda sabuwa take yi. Dabarar tana buƙatar ƙwallon da ta sha wuya, a Tes kuwa sai an yi oba 80 kafin a ba da damar ɗauko sabuwa. Abin lura shi ne rashin danshi da rashin ciyawa, waɗanda Turawa suka ɗauka nakasu ne, su suka haifar da ɗaya daga cikin manyan dabarun wasan.

Daga nan ake gane ma'anar rangadi. Ana kai ziyara ne domin a gwada ko ƙungiya za ta iya cin nasara a kan ƙasar da ba tata ba, a gaban jama'ar da ba sa ƙaunarta, cikin makonni da dama da kuma garuruwa daban daban, kowanne da irin lakarsa. Rangadin da Pakistan ta kai Indiya a 1999 ya gamu da adawa, har magoya bayan jam'iyyar Shiv Sena suka shiga filin Delhi da dare suka tone fagen. Duk da haka an yi wasan. A Chennai Indiya tana neman 271, Sachin Tendulkar ya yi 136 yana fama da ciwon baya, Saqlain Mushtaq ya fitar da shi ana saura maki 17, sauran ukun suka zube nan take, Pakistan ta ci da 12, kuma 'yan kallon Chennai suka miƙe tsaye suna tafa wa baƙin da suka doke su yayin da suke zagaya fili. Mako guda bayan haka a Delhi, a fagen da aka gyara, Anil Kumble ya fitar da duka mutum goma na Pakistan a zubi ɗaya a kan maki 74, abin da kafin shi Jim Laker na Ingila kaɗai ya taɓa yi, a 1956. Watanni kaɗan bayan nan ƙasashen biyu suka gwabza yaƙi a Kargil, wanda ya nuna cewa wasa ba ya warware rikicin siyasa. Abin da yake iya yi shi ne ya tilasta wa jama'a su zauna kwana huɗu suna kallon ƙwarewar abokin gaba har su kasa musanta ta, kuma awa uku ba ta isa ta yi wannan aiki ba.

Saura batun canjaras. Akwai wanda tsoro ya haifa, an kuma yi bayaninsa, akwai kuma wanda aka ƙwato da gumi. A 1958 a Bridgetown, West Indies ta ba Pakistan tazarar maki 473 bayan zubin farko, amma Hanif Mohammad ya tsaya minti 970 yana bugu, ya yi 337, ya hana a ci ƙasarsa, kuma har yau babu zubin mutum ɗaya da ya kai wannan tsawo a tarihin Tes. Bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba, tun da a dambe ma akan yi turmi uku a raba babu kisa, kuma ɗan damben da ya tsaya wa wanda ya fi shi suna har aka raba su yakan fita da girmansa. Kasancewar ƙofar canjaras a buɗe ita ke tilasta wa ɓangaren da ke kan gaba ya yi kasada, ya dakatar da nasa bugun da wuri domin ya sami lokacin fitar da mutum goma, ita ce kuma ke ba mai rauni abin da zai yi yaƙi dominsa ko da nasara ta kuɓuce. T20, wanda aka fara a Ingila a 2003, ya toshe wannan ƙofa, ya taƙaita kowane mai jifa ga oba huɗu, kuma ana gama shi kafin fage ya sauya ko ƙwallo ta tsufa. Yana da daɗin kallo, yana kuma kawo kuɗi, amma gwajin ƙarfin dantse ne da saurin ido.

Wannan yana da muhimmanci ga Najeriya, wadda ta zama mamba mai matsayi na biyu a hukumar kurket ta duniya a 2002, 'yan ƙasa da shekara 19 maza suka je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, takwarorinsu mata kuma suka doke New Zealand da maki biyu a Malesiya a 2025. Nasarori ne na gaske, sai dai duk a gajerun nau'o'in wasan aka same su, kuma yaron da ya taso a kan fagen siminti yana wasan awa uku ba zai taɓa koyon abin da Gavaskar ya nuna a Bangalo ba. Hujjar da ake kawowa cewa Arewa ba ta da ruwan rainon ciyawa ba ta da tushe, domin nasarar Pakistan ta farko a Tes, a Lucknow a 1952, a kan shimfiɗar tabarma aka same ta, inda Fazal Mahmood ya fitar da mutum goma sha biyu.

Yankin Kiyako da ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jigawa, yana da abubuwan da dogon wasa yake buƙata fiye da yadda ake zato. Akwai watannin rani da hunturu waɗanda ruwan sama ba ya katse komai a cikinsu, alhali a Ingila ruwa ne ya cinye ƙarshen wasan Manchester na 2023 har Ostareliya ta riƙe kofin Ashes. Akwai lakar fadama mai tsagewa idan ta bushe, da jan gargari, da rairayin jigawa, kuma manomi a nan yana bambanta su da hannu ba tare da an koya masa a aji ba. Shirya fage bai yi nisa da aikin daɓe ba, inda mata suke yayyafa ruwa suna bugun ƙasa da madaɓi har ta yi tauri da santsi, suna kuma sane da cewa daɓen da aka yi cikin gaggawa shi ke fara farfashewa. Akwai kuma makarantun kwana masu faɗin fili, irin su Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, waɗanda su ne irin wuraren da wasan ya fara kafuwa a Arewa tun asali.

Saboda haka duk mai son ya dasa kurket a kudancin Jigawa ya kamata ya fara da wasan kwana biyu mai zubi biyu tsakanin makarantu, a ranakun Asabar da Lahadi, kowace makaranta ta shirya fagenta da ƙasar garinta, a je mata sannan ita ma ta kai ziyara. Najeriya ba ta cikin ƙasashe goma sha biyu masu izinin buga Tes, kuma ba za ta shiga nan kusa ba, amma Afghanistan, wadda 'yan wasanta da yawa suka koyi kurket a sansanonin gudun hijira a Pakistan, ta buga nata na farko a 2018, kuma masu jifan murza ne ƙashin bayanta. Ƙasar da take son masu jifa irin waɗannan dole ta ba yaranta fage na ƙasa da isasshen lokacin da za su ga yana sauyawa.